Tukunyar Kashe Gobara a Motocin da Suka Zama Gida: Daga Maigatari Zuwa Kurmi

Tukunyar kashe gobara mai nauyin kilo 1, irin wadda ake cusawa ƙarƙashin kujerar ƙaramar mota, ba ta wuce sakan 8 zuwa 10 tana feshi kafin ta ƙare. Babbar da ake ratayawa a jikin tirela, mai kilo 9, takan kai wajen sakan 20. Duk amfanin tukunyar a cikin wannan ɗan taƙin yake. Ko za a samu waɗannan sakan ɗin ranar da wuta ta tashi, ko kuwa a matsa hannun a ji shiru, ya danganta ne da yadda aka kula da ita a watannin da ta yi a rataye babu mai waiwayarta.

A Amurka da Turai ana tattauna wannan batu a kan motocin yawon shaƙatawa, wato motar da aka mayar da cikinta ɗaki, da gado da murhun gas da firji, iyali su kwashi mako ko wata suna kwana a ciki. Ƙungiyar rigakafin gobara ta Amurka, NFPA, wadda aka kafa a 1896, tana da ƙa'ida ta musamman mai lamba 1192 a kan irin waɗannan motoci, kuma ta wajabta a kafa tukunya kusa da ƙofar fita. Irin wannan mota baƙuwa ce a ƙasar Hausa, in ban da waɗanda Turawa masu keta Sahara suka riƙa biyowa da su ta Agadas da Damagaram zuwa Kano a shekarun 1970 da 1980. Amma motar da ake kwana a cikinta, a dafa abinci a gindinta, a yi cajin waya da batirinta, a kuma ajiye jarkar mai a bayanta, ba ta da iyaka a arewacin Jigawa. Ita ce tirela da daf da kanta da doguwar bas.

Masarautar Gumel, mai ƙananan hukumomi huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ita ce mashigar wannan zirga-zirga. Kasuwar dabbobi ta Maigatari tana ci ranar Alhamis, kuma tun kafin ranar manyan motoci ke fara jeruwa suna jiran lodin shanu da raƙuma da tumaki da za su gangara Legas ko Fatakwal ko Anaca. Wasu kuma riɗi da zoɓorodo da ƙaro suke ɗauka. A gefen garin ne yankin ciniki maras shinge yake, wanda aka kafa a zamanin gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ƙarƙashin kulawar hukumar NEPZA ta tarayya. Direban da ya zo nan ba ya kama ɗakin kwana. Kan motarsa ne ɗakinsa, yaran mota kuma su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bodi. Idan iyaka ta rufe, zaman ya kan yi tsawo. An rufe iyakokin ƙasa na Nijeriya a Agustan 2019, kuma Maigatari na cikin huɗun farko da aka buɗe ranar 16 ga Disamba, 2020, tare da Seme da Illela da Mfum. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A irin waɗannan lokuta mota takan yi makonni a tsaye da kaya a kanta, mutane suna rayuwa a jikinta, kuma haɗarin wutar da ke cikinta ya fi kama da na gida fiye da na abin hawa.

Inda wutar ke tasowa

Wuta tana buƙatar abu uku: abin ci, da zafi, da iska. Babbar mota ta tara dukkansu a wuri ɗaya. Mafi yawan wutar da ke tashi mota tana tsaye daga waya take farawa. Batiran tirela biyu ne, masu ba da bolt 24, kuma suna iya tura wutar da za ta narkar da sifana idan ta haɗa kawunansu. Aikin fis shi ne ya ƙone kafin wayar ta ƙone. Da zarar fis ya dame mutum da yankewa aka maye gurbinsa da zaren waya ko takardar taba mai ƙyalli, to wayar da ke cikin dashbod ce ta zama fis, kuma ita idan ta ƙone da robarta da soson kujera take tafiya. Ƙarin fitilu da fanka da rediyo da na'urar caji, waɗanda ake jona su kai tsaye daga batir, kowanne ƙarin ƙofa ne.

Idan mota tana tafiya kuwa, wutar ta fi zuwa daga inji ko daga ƙafa. Bututun man gas da ya tsage yana yayyafi a kan salansa mai zafi, ko baƙin mai da ya daɗe yana tsiyaya ya haɗu da ƙura ya yi kauri a jikin inji, su ne abincin farko. A ƙafa kuma birkin da ya kama, ko boris da ya bushe, ko tayar da ba ta da isasshiyar iska ga lodi ya yi mata yawa, duk suna tara zafi a hankali. Sau da yawa sai an tsaya ne wutar ke bayyana, domin iskar da ke sanyaya tayar lokacin gudu ta ɗauke.

Sai girki. Risho da kurfoti da ƙaramar tukunyar gas duk ana ajiye su ne a inuwar mota, wato kusa da tankin mai, domin nan ne iska ba ta kashe wuta. A lokacin hunturu kuma akwai masu shigar da kurfoti cikin kan mota su rufe gilashi don jin ɗumi, abin da ke kisa ko babu gobara, saboda iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari kuma tana sa barcin da ba a farkawa. Kayan da ke kan motar su ma ba baya ba ne: harawa da dusar dabbobi, buhunan leda, busasshen zoɓorodo, tamfol, da riɗi mai cike da mai. A gefen iyaka kuma jarkar fetur ba abin nema ba ce. Bambancin fetur da man gas a nan babba ne. Fetur yana fitar da tururin da zai kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, shi kuwa man gas sai ya ɗumama ya haura digiri 50. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa kamar ruwa, shi ya sa jarkar da aka buɗe a bayan mota take iya ɗauko wuta daga rishon da ke can gaba.

Haruffa da launuka

Ba kowace tukunya ke kashe kowace wuta ba, kuma haruffan da ke jikinta su ne ke faɗar iyakarta. A tsarin Ingila da Turai, wanda aka fi bi a Nijeriya, A na nufin abubuwa masu ƙonewa su bar toka, kamar katako da tufa da roba da ciyawa. B na nufin mai, fetur ko man gas ko fenti. C na nufin iskar gas. D ƙarafa masu kama wuta. F kuma man girki. A tsarin Amurka harafin C wutar lantarki yake nufi, man girki kuma K. Tun da kasuwa tana cike da kaya daga ko'ina, gara a dubi ƙananan hotunan da ke gefen haruffan, domin su ba sa ruɗarwa. Lambar da ke gaban harafi, kamar 13A ko 55B, girman wutar gwaji ce da tukunyar ta iya kashewa. Tukwane biyu masu nauyi ɗaya suna iya bambanta sosai a nan.

Wadda ta fi dacewa da mota ita ce mai gari, mai shuɗin tambari a jan jiki. Garin ABC sinadarin amoniyam fosfet ne, ɗan ɗorawa-ɗorawa, wanda ke katse ƙonuwar harshen wuta sannan ya narke ya lulluɓe abin da ke ci. Akwai kuma garin BC, fari, na sodiyam baikabonet, wanda ke kashe wutar mai amma ba ya hana katifa ko buhu ci gaba da ci a ciki. Iskar naitirojin ce aka matse a saman garin, ita ke turo shi waje. Raunin gari shi ne ba ya sanyaya ƙarfe, saboda haka wutar da ya kashe tana iya dawowa. Yana kuma makantar da mutum da sarƙe numfashi idan aka fesa shi a rufaffen wuri.

Mai baƙin tambari, wadda aka rubuta wa CO2, iska ce zalla. Ba ta barin datti, shi ya sa ta dace da na'urori da allon wayoyi a cikin sito ko ofis, irin waɗanda ke yankin ciniki. A fili kuwa, inda iskar gabas ke kaɗawa, tana watsewa kafin ta yi aiki. Ba ta da agogon matsi, kuma bakinta yana yin sanyin da zai ƙona tafin hannu. Mai kumfa, mai tambari launin madara, tana lulluɓe man da ya zube tana kuma sanyayawa, tana da kyau a matsayin ta biyu a babbar mota. Mai ruwa zalla ba ta da wuri kusa da mai, domin fetur yana tasowa saman ruwa ya bi shi duk inda ya gangara. Tsofaffin tukwane masu sinadarin halon, da ake gani jefi-jefi a motocin gwanjo, an daina yin sinadarinsu a manyan ƙasashe tun 1994 bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987; duk wadda aka gani, shekarunta sun ja.

Sai ƙaramin gwangwanin nan mai kama da na maganin sauro, wanda ake tallarsa a go-sulo. Kumfa ce kaɗan a ciki, ba shi da agogo, ba a sake cika shi. Zai iya kashe wutar da ba ta fi tafin hannu ba. Yawancin masu sayensa don nunawa a shinge suke saye, kuma nan ne ainihin matsalar take.

Doka da shinge

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana aiki da dokarta ta 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012, kuma rashin tukunyar kashe gobara laifi ne mai tara. Littafin ƙa'idojin hanya ya bambanta girman tukunya da girman mota: kilo 1 ga ƙaramar mota da tasi, kilo 2 ga ƙaramar bas da a-kori-kura, tukwane biyu masu kilo 6 ga babbar motar kaya da doguwar bas, biyu masu kilo 9 ga tirela da tanka. Wannan mafi ƙaranci ne. A Turai, yarjejeniyar ADR ta jigilar kaya masu haɗari ta wajabta wa motar da ta haura tan 7.5 aƙalla kilo 12 na gari gaba ɗaya, har da ƙarama da za ta isa wutar inji ko ta kan mota.

Abin da dokar ta haifar a aikace ya ɗan bambanta da abin da ta nufa. Tukunyar ta shiga sahun takardun mota da alamar tsayawa mai kusurwa uku, wato kayan da ake miƙawa ta taga a wuce. Jan launi ake dubawa, wani lokaci da kwanan wata. Mota tana iya tashi daga Maigatari ta ratsa Gumel da Kano da Zariya har Legas, ta wuce shingaye barkatai, da tukunyar da iskarta ta zurare tun bara. Alhakin gano haka yana kan mai motar da direbansa, domin babu jami'in da zai zauna ya auna ta a bakin titi.

Abin da zafi da gargada ke yi mata

Tukunyar da ke rataye a bangon ofis tana zaune lafiya. Ta mota kuwa tana shan wahala iri uku. Na farko zafi. Yawancin tukwane masu gari an rubuta a jikinsu cewa suna aiki har zuwa digiri 60. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa a wannan yanki yana haura digiri 40, kuma kan motar da aka kulle a rana, musamman saman dashbod da bayan gilashi, yana iya wuce wancan iyaka. Matsin da ke ciki yana hawa da rana ya sauka da dare, robobin da ke toshe bakin suna bushewa, iskar tana sulalewa kaɗan-kaɗan. Tukunyar CO2 ta fi jin wannan, domin matsinta ya ninka na mai gari sau da yawa kuma yana tashi da sauri idan ta ɗumama. Tana da ɗan faifan tsaro da ke fashewa ya saki iskar gaba ɗaya idan abin ya yi yawa. Wannan ya hana ta tarwatsewa, amma a cikin rufaffen kan mota da mutum ke barci, iskar kanta abin tsoro ce.

Na biyu girgiza. Garin da ke ciki mai laushi ne ƙwarai, kuma kamar yadda mudun gari ke sauka idan an bubbuga shi, haka gargadar hanya ke danne shi a gindin tukunya. Idan danshi ya samu shiga, ko dai wajen cikawa ko ta bakin da ya saki, sai ya dunƙule. A irin wannan hali agogo yana nuna kore, domin iskar tana nan, amma da an matsa sai iskar ta fita ta bar garin. Girgizar kuma tana kwance bututu, tana zare fil ɗin da ke kulle hannun, tana goge fenti a inda madauri ya riƙe, tsatsa ta samu wurin kamawa.

Na uku ƙura da ƙwari. Ƙurar hunturu tana cika bakin bututu, zanzaro kuma ba shi da wurin gini da ya fi masa ramin bututun tukunyar da ke rataye a waje. Laka ɗaya ta isa ta toshe shi. A motocin dabbobi akwai ƙarin fitsari da kashi da ruwan wanki, masu cin gindin tukunya daga ƙasa inda ido ba ya kaiwa.

Dubawa

Ƙa'idar NFPA mai lamba 10 ta tsara duban ido kowane wata da duban gwani kowace shekara. Ga motar da ke tafiyar Kurmi, ya fi dacewa a haɗa duban da na ruwan lagireto da baƙin mai kafin kowace tafiya, tun da bai fi minti biyu ba. Allurar agogo ta tsaya a cikin kore. Idan ta faɗi hagu iska ta ragu, idan ta wuce dama an cika ta fiye da kima ko zafi ya yi mata yawa, kuma an fi samun gaskiyar karatu da safe kafin rana ta buɗe. Ana ɗan ƙwanƙwasa gilashin agogon da yatsa, domin allura tana maƙalewa. Fil ya kasance a wurinsa da siririn hatiminsa na roba. Hatimin da ya tsinke alama ce ta an taɓa. A cire bututu a hura, a duba tsagewa. A juya gindin a duba tsatsa da lotsawa. Sannan a kifa tukunyar a hankali a kara kunne: garin da ke da lafiya ana jin zubarsa kamar yashi. Idan shiru, ana bubbuga gindin da tafin hannu ko guduma ta roba, ba da ƙarfe ba. Idan har yanzu bai motsa ba, ta tashi daga aiki.

Nauyi shi ne shaidar da ba ta ƙarya. Ana rubuta cikakken nauyin tukunya a jikinta, kuma sikelin da ake auna riɗi da shi ya isa a gwada. Ga tukunyar CO2 wannan ce kaɗai hanyar sanin abin da ke ciki. Idan ta rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na iskarta, sai a kai ta a cika. Abin da ba a yi shi ne ɗan matsawa don gwaji. Da zarar gari ya bi ta bakin, ƙwayoyinsa suna zama a kan robar toshiya, iskar kuma ta zurare cikin sa'o'i ko kwanaki. Tukunyar da aka fesa na sakan ɗaya daidai take da wadda aka ƙarar.

Akwai kuma dogon zango. A tsarin Amurka ana buɗe mai gari a duba cikinta duk shekara 6, a gwada ƙarfin jikinta da matsin ruwa duk shekara 12, ta CO2 kuma duk shekara 5. Wadda ba a sake cikawa ana jefar da ita bayan shekara 12 daga ranar ƙira. Tsarin Ingila ya sa babban duba duk shekara 5 ga mai gari, shekara 10 ga ta CO2. Shekarar ƙira tana buge a gindi ko a kafaɗar tukunyar, kuma ita ce abin dogaro, ba takardar da aka manna daga baya ba.

Wajen cikawa ma akwai abin lura. Ba a haɗa garin ABC da na BC, domin suna cin juna su fitar da danshi da iska, garin ya dunƙule, matsi ya hau. Ba a cika ta da iskar famfon mai faci, saboda tana ɗauke da ruwa. Mai cikawa na ƙwarai yana auna garin a gaban mai kaya, ya canza roba, ya sa sabon hatimi, ya rubuta kwanan wata. Wanda zai sayi sabuwa kuma ya nemi mai kan ƙarfe, da sunan kamfani da lambar gwaji da shaidar hukumar ingancin kaya ta SON. Suna kaɗai ba ya wadatarwa: a Nuwamban 2017 kamfanin Kidde ya janye tukwane kusan miliyan 40 masu hannun roba a Amurka da Kanada, saboda suna iya toshewa ko su ƙi feshi, kuma wasunsu a motocin shaƙatawa da manyan motoci da jiragen ruwa aka kafa su. Tun da motocin gwanjo da yawa daga can suke zuwa, ba abin mamaki ba ne a tsinci irinsu a nan.

Mazauninta a mota

Tukunyar da ke ƙasan but, jakunkuna da buhuna a kanta, ko a cikin akwatin kayan aiki da aka datse da kwaɗo saboda ɓarayi, ba za a kai gare ta a kan lokaci ba. A ƙaramar mota wurinta gaban kujerar mai zaman banza ne ko ƙarƙashin ta direba, a ɗaure da madaurin ƙarfe mai buɗewa da hannu ɗaya. Barin ta sake haɗari ne biyu: tana iya gangarawa ƙarƙashin birki, kuma a karo takan zama jifa. A tirela ɗaya ta zauna cikin kai kusa da ƙofa, inda za a iya ɗaukarta daga ƙasa ba sai an hau ba, ɗayar a waje cikin akwati mai murfi, nesa da salansa da tankin mai. Hikimar sa ta kusa da ƙofa, wadda masu motocin shaƙatawa suka daɗe da ganewa, ita ce mutum ya fara isa mafita kafin ya yanke shawarar yaƙar wutar. Idan ana girki, a sauko da ɗaya a ajiye ta taku kaɗan daga murhun, ba a gindinsa ba. Kuma yaran mota su san yadda ake zare fil, domin galibi su ne a wurin lokacin da direba ya tafi masallaci ko wajen kamasho.

Ranar da aka buƙace ta

Abin farko shi ne a tsaya a gefe nesa da sauran motoci da rumfuna, a kashe inji, a fitar da mutane, a cire kan batir idan ana iya kaiwa gare shi lafiya. Muddin batir yana jone, wutar waya za ta riƙa dawowa komai yawan garin da aka zuba. Sannan a ba iska baya, a tsaya kamar taku uku daga wutar, a zare fil, a riƙe tukunyar a tsaye, a saita gindin wutar ba harshenta ba, a matsa ana kaɗa bututun dama da hagu. Wanda ya matso da yawa zai watsa man da ke ci da ƙarfin feshin. Idan wutar a cikin bonet take, ba a wangale shi. Ana sakin makullin ne kawai a fesa ta ɗan tsagin, domin buɗewa gaba ɗaya ba ta iska ne. A daf da sauran motocin da injinsu ke ƙarƙashin kai, ana fesawa ta gefen taya ko ta ragar gaba. Yashi, wanda ƙasar Gumel ba ta rasa shi, yana taimakawa ƙwarai a kan man da ya zube a ƙasa, kuma shebur ɗaya a mota ba ya cin wuri.

Wasu wutar sun fi ƙarfin tukunya tun daga farko. Wutar taya ruwa mai yawa take so, domin zafin yana cikin roba da ƙarfen ƙafa. Gari zai kwantar da harshen na ɗan lokaci ne kawai. Tayar da ta yi zafi tana iya fashewa ko bayan wutar ta mutu, saboda haka ba a tsayawa daidai gefenta, ana tunkararta ne daga gaba ko baya. Wutar tukunyar gas ba a kashe ta sai an rufe kan, in ba haka ba iskar za ta ci gaba da fita ta taru a ƙasa ta fashe gaba ɗaya. Idan ba a iya kaiwa ga kan, sai a nisanta. Motocin da aka mayar masu amfani da gas na CNG, waɗanda suka ƙaru bayan cire tallafin fetur a 2023, tukunyarsu tana ɗauke da matsi mai yawan gaske, kuma idan wuta ta kai gare ta aikin 'yan kwana-kwana ne. Man girki da ya kama a kasko murfi ake kifa masa, ba ruwa ba. Batirin waya ko na ajiyar caji da ya kumbura ya fara hayaƙi, fitar da shi fili ake yi.

Tankar fetur da ta faɗi tana zuba kuwa ba ta cikin lissafin kowace tukunya. Abin da ya faru a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, daren 15 ga Oktoba, 2024, inda tankar da ta taso daga Kano ta kife, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi ta hallaka fiye da mutum 150, ya nuna girman tazarar. Tukwanen da ke jikin tanka an sa su ne don ƙaramar wutar birki ko ta waya kafin ta isa ga kayan. Idan man ya riga ya malala, abin yi shi ne a kashe duk wani inji da wuta, a kori mutane zuwa nesa ta ɓangaren da iska ke fitowa, a kira lambar gaggawa 112 ko ofishin kashe gobara mafi kusa.

Bayan wuta ta mutu ana tsayawa a sa mata ido na ɗan lokaci, da tukunya ta biyu a hannu, kuma ba a mayar da kan batir sai mai gyaran waya ya gano inda ta faro. Garin ABC yana cin ƙarfe da kawunan waya idan ya sha danshi, don haka ana share shi a bushe tukuna, da burushi ko iska, kafin a wanke. Idan ya zuba a kan riɗi ko abincin dabbobi, a ware abin da ya taɓa. Tukunyar da aka yi amfani da ita a kwantar da ita daban, kada ta koma madaurinta a ɗauka cikakkiya ce, a cika ta ko a sayi wata a Gumel ko Kano kafin motar ta ɗauki hanyar Kurmi.